Agogon Sarayebo da ke nuna ƙarfe 12 da magariba

Tambaya: Na ga hoton wata tsohuwar hasumiyar agogo a birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya. Da tsakar rana aka ɗauki hoton, amma agogon yana nuna wajen ƙarfe 5. An ce mini wai lafiyarsa ƙalau, da lissafin wata yake tafiya. Mene ne tarihin wannan hasumiya, kuma yaya ake karanta agogonta?

Amsa: Malam, wanda ya ce maka agogon lafiyarsa ƙalau ya faɗi gaskiya, amma a batun wata ya ɗan kauce. Masu yi wa baƙi jagora a birnin ma haka suke faɗa, har maganar ta zauna a bakin mutane. Agogon nan rana yake bi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk lokacin da rana ta faɗi, ƙarfe 12 ta yi, sabuwar kwana ta shiga, a soma ƙirga daga nan. Awarsa minti 60 ce kamar ta kowane agogo, babu abin da ya haɗa tafiyar hannayensa da tsayuwar wata ko cikarsa. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne kwanan watan Hijira shi ma da magariba yake juyawa, sai mutane suka haɗe biyun. Turawa sun kira wannan lissafi "alaturka", wato irin na Turkawa, su kuma Turkawan suna ce masa lokacin kiran salla.

Mazauna birnin Sahat-kula suke kiran hasumiyar. Tana cikin tsohuwar kasuwar Bashcharshiya, dab da masallacin Gazi Husrev-beg ta yamma. Ginin dutse ne mai kusurwa huɗu, siriri, faɗin kowane gefe bai wuce mita 3 da 'yan kai ba, tsayinsa kuwa kusan mita 30. Babu ado a jikinsa sai 'yan ƙananan tagogi da ke shigar da haske kan matakala. Can sama akwai fuskokin agogo huɗu, kowace tana kallon kusurwa ɗaya ta gari, lambobinsu irin na Larabci. Hasumiyar masallacin da ke gefe ta fi ta tsayi, ta kuma fi ta kyau nesa ba kusa ba. In don siffa ce kawai, babu mai tsayawa ya ɗaga kai sau biyu.

Sai an san unguwar kafin a gane matsayin ginin. Isa-beg Ishakovic ne ya kafa Sarayebo a wajajen 1460, amma wanda ya mayar da ita babban birni shi ne Gazi Husrev-beg, gwamnan Bosniya a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, jikan Sultan Bayazid na 2 ta wajen uwa, wanda ya rasu a 1541. Ya gina masallacin a 1531, ya ƙara makaranta da ɗakin littattafai a 1537, ga gidan wanka, ga rufaffiyar kasuwa, ga masaukin fatake, ga kuma gidan ciyar da matalauta da matafiya. Duk ya mayar da su waƙafi, kuɗin hayar shaguna yana riƙe masallaci da makaranta da ma'aikatansu. Hasumiyar agogo tana jingine da wancan gidan ciyarwa, kuma waƙafin ne ke kula da ita har yau. Ka riƙe wannan, domin shi ne sirrin daɗewarta. Sai dai ba a zamanin Gazi Husrev-beg aka gina ta ba, ta zo ne daga baya. Ambatonta na farko a rubuce na ƙarni na 17 ne, kuma ana jingina shi ga masanin labarin ƙasa na Usmaniyya Katib Chelebi, wanda ya rasu a 1657.

Wani abin lura shi ne hasumiyoyin agogo sun riga sun bayyana a yankin Balkan, inda Bosniya take, kafin su shiga Istanbul kanta. Busbecq, jakadan gidan sarautar Habsburg na Ostiriya a fadar Sultan Sulaiman a shekarun 1550, ya rubuta cewa Turkawa ba sa son kafa agogo a bainar jama'a don kada ya rage wa ladanai ƙima. Ni ina ɗaukar wannan magana da taka-tsantsan, domin a daidai wannan zamani Taƙiyyuddin, wanda daga baya ya kafa ɗakin duban taurari na Istanbul a 1577, yana rubutu a kan yadda ake ƙera agogon ƙarfe, kuma manyan fada suna karɓar agogunan Turai a matsayin kyauta suna murna. Abin da ya fi kama hankali shi ne Istanbul ba ta ji buƙatar ba, tunda ladanai sun ishe ta. Garuruwan kan iyaka kuwa suna cuɗanya da Hungari da birnin Benis na Italiya, agogo yana shigowa ta ciniki da ganimar yaƙi, ga Musulmi da Kirista da Yahudawa a kasuwa ɗaya. Hasumiyar Skopje a Makedoniya ta wajajen 1570 ce, ta Banja Luka a Bosniya ma ta ƙarshen ƙarni na 16 ce, cikin waƙafin Ferhat Pasha. A Bosniya kaɗai an gina kusan 20, garin Travnik ma biyu gare shi.

To me ya sa magariba? Mu da muka taso da agogon waya muna ganin ƙarfe 12 na dare ita ce farkon kwana ta asali, alhali babu wanda ya taɓa ganin tsakar dare da idonsa. Lissafi ne kawai. Faɗuwar rana kuwa kowa shaida ne, malami da jahili. Ƙari a kan haka, agogon ƙarni na 16 bai da tabbas. Kafin Huygens ɗan ƙasar Holan ya ƙera agogo mai ƙarfen lilo a 1656, agogon hasumiya yakan yi gaba ko baya da kusan kwatan awa a kwana ɗaya. Ko a Paris ko a Skopje, dole wani ya hau ya daidaita shi da rana a kai a kai. Tunda gyaran ya zama tilas, ɗaure shi da magariba bai ƙara wa kowa wahala ba. Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan tunani ba. Italiya ta shafe ƙarnuka tana ƙirga awa 24 daga faɗuwar rana, kuma shahararren agogon Prague na 1410 har gobe yana da zobe na waje da ke nuna tsohon lokacin Bohemiya, ƙasar Czech ta yau, wanda shi ma daga faɗuwar rana yake farawa.

Amfaninsa ga ɗan kasuwa da matafiyi a fili yake. Ka ɗaga kai ka ga ƙarfe 9 da rana, ka san saura awa 3 cif duhu ya shiga, ko a Yuni ko a Disamba. Za ka iya yanke shawarar ko ka ɗaura wa doki kaya ka kama hanyar dutse ko ka kwana. Agogonmu na yau ba ya ba ka wannan amsa sai ka nemi jadawali. Magariba kullum ƙarfe 12 ce, isha'i kuma tana faɗowa tsakanin ƙarfe 1 da rabi zuwa 2 ko ɗan gota haka, gwargwadon lokacin shekara. Sauran lokutan su ne ke yawo a fuskar agogo.

Ga yadda lissafin yake a Sarayebo, wadda ke kusan digiri 44 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Yuni yini yakan kai awa 15 da rabi, dare bai wuce awa 8 da rabi ba. Saboda haka rana takan fito wajen ƙarfe 8 da rabi a agogon hasumiya, ta yi tsaka wajen ƙarfe 4 da kwata. A ƙarshen Disamba abin ya juye: dare awa 15, yini kusan 9, rana ta fito wajen ƙarfe 3, zawali ya kama wajen 7 da rabi. A Maris da Satumba, da dare da yini suka yi kunnen doki, fitowar rana takan zo kusa da 12, zawali kusa da 6. Hotonka da ke nuna ƙarfe 5 da tsakar rana yana nufin saura awa 7 rana ta faɗi, wato yinin awa 14 ke nan, don haka wajen ƙarshen Afrilu ne ko tsakiyar Agusta aka ɗauke shi. In kana so ka juya zuwa agogon zamani, ka cire abin da hasumiya ke nunawa daga 12, abin da ya rage ka ɗebe shi daga lokacin magaribar ranar. Bosniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a ƙarshen Maris ta dawo da shi a ƙarshen Oktoba kamar sauran Turai, amma wannan doka ba ta shafi Sahat-kula ba, ita rana ba ta san da zancen ba.

Matsalar tsarin ita ce magariba ba ta tsayawa wuri ɗaya. A Sarayebo tana sauka wajen ƙarfe 4 da minti 10 na yamma a Disamba, ta kai wajen 8 da rabi na dare a Yuni bisa agogon gwamnati. A wajajen Maris da Satumba takan gusa da minti ɗaya zuwa biyu kowace rana. Injin da ke tafiya daidai, awa 24 ba ƙari ba ragi, zai rabu da rana cikin mako guda da kusan minti 10. Dole a sami mutum.

Wannan mutum shi ne muwaƙƙit, mai tsare lokaci, kuma sana'arsa ta girmi agogon ƙarfe. Tun ƙarni na 13 manyan masallatan Masar da Sham suke ɗaukar masanin falaki a biya shi albashi daga waƙafi don ya fitar da lokutan salla. Mafi shahara a cikinsu Ibn Shaɗir ne na masallacin Umayyawa a Dimashƙa, wanda ya rasu a wajajen 1375, mutumin da masana tarihin kimiyya ke kwatanta lissafinsa na tafiyar taurari da na Copernicus. Usmaniyawa sun gaji wannan muƙami, suka riƙa gina masa ɗan ɗaki a harabar masallaci, kuma akwai irinsa a harabar masallacin Gazi Husrev-beg tun ƙarni na 19. Kayan aikinsa usturlabi, wato faifan awon rana da taurari, da rubu'i, wani ɗan allo mai siffar kwatan da'ira da zare da ɗan nauyi a rataye. Yakan auna tsayin rana daga sararin ƙasa, ya duba jadawalinsa, ya fitar da awa. A Sarayebo wannan aiki ya fi zama wajibi, domin birnin yana cikin kwari ne a bakin kogin Milyatska, duwatsu sun kewaye shi. Rana takan ɓuya bayan tsauni alhali ba ta faɗi ba tukuna, mai dogaro da ido kawai sai ya sha ruwa da sauran lokaci. A yau jadawalin salla da hukumar Musulmin Bosniya ke fitarwa ya ɗauke wa mai kula da agogo wahalar awon.

Ginin da kake gani ba shi ne na farko gaba ɗaya ba. A Satumbar 1697 Yarima Eugene na Savoy, kwamandan sojan Habsburg, ya ragargaza rundunar Usmaniyya a yaƙin Zenta, sa'an nan ya kutsa Bosniya da 'yan dubban mayaƙa, ya cinna wa Sarayebo wuta a watan Oktoba. Birni ne na katako a lokacin, ya ƙone ƙurmus, hasumiyar ma ba ta tsira ba. An sake gyara ta a 1762. Babban sauyi na ƙarshe ya zo a 1875, shekara 3 kacal kafin mulkin Usmaniyya ya ƙare a ƙasar: wasu 'yan kasuwar birnin biyu, Hashimaga Glodjo da Mehaga Kapetanovic, suka kawo sabon inji daga Landan, aka sake gina saman hasumiyar don ya sami wurin zama. Shi ne ke aiki har yanzu.

Nan ne abin ya ba ni sha'awa. Ingila a lokacin ita ce uwar agogon hasumiya, shekara 16 ke nan da tayar da babban agogon majalisar dokoki na Westminster a 1859, kuma duk burin maƙeranta shi ne injin da zai yi makonni bai kuskure ko daƙiƙa kaɗan ba. Sai ga irin wannan inji an kai shi inda aikinsa shi ne a riƙa gusa shi da hannu duk bayan 'yan kwanaki. Abin da a ƙarni na 16 bai zama ƙarin aiki ba, a 1875 ya zama zaɓi da gangan.

In ka shiga ta ƙaramar ƙofar da ke ƙasa, matakalar katako ce mai hawa 76, tana bin jikin bango tana juyawa, tsakiya a buɗe. Wannan ramin na tsakiya shi ne dalilin tsayin irin waɗannan gine-gine, ba don a hango su daga nesa kaɗai ba. Injin agogon hasumiya ba shi da batir, nauyi ne ke tuƙa shi: curin ƙarfe rataye da igiyar waya da aka naɗe a jikin wani gangan ƙarfe. Nauyin yana saukowa a hankali, gangan yana juyawa, yana juya faifai masu haƙora ɗaya bayan ɗaya. Da za a bar shi, da ya zube ƙasa cikin daƙiƙu. Abin da ke riƙe shi wani ɗan ƙarfe ne mai baki biyu da ke haɗe da lilo: lilo ya tafi dama ya saki haƙori ɗaya, ya dawo hagu ya saki wani. Ƙarar da kake ji ke nan. Iya nisan da nauyin zai sauka, iya kwanakin da agogo zai yi kafin a sake wana shi. Daga injin sanda ɗaya ke hawa sama ta rabu huɗu, shi ya sa in an gusa hannu ɗaya, fuskoki huɗun duk suke gusawa tare. Mai kula da shi yakan hau sau ɗaya ko biyu a mako, ya ɗaura mariƙi ya wana har nauyin ya koma sama, ya ɗiga mai inda ya bushe, ya duba magaribar ranar a jadawali, sa'an nan ya matsa hannayen gaba ko baya da 'yan mintunan da rana ta gusa. Zafi yana miƙa ƙarfen lilo agogo ya yi nawa, sanyi ya tsuke shi ya yi sauri, wannan ma sai ya sa a lissafi. Mutum ɗaya, mai gyaran agogo a cikin kasuwar, ya riƙe wannan aiki tun shekarun 1960 har ya haura shekara 50 yana yi.

Daga 1878 Ostiriya da Hungari suka karɓi Bosniya, suka shigo da jirgin ƙasa da ofisoshi da barikin soja, kuma jirgin ƙasa ba ya jure wa kowane gari da nasa lokaci. A 1884 taron Washington ya tsayar da layin Greenwich, a 1891 jiragen ƙasan Ostiriya da Hungari suka koma lokacin tsakiyar Turai. Lissafin magariba ya soma zama na masallaci da tsofaffi. A cikin daular Usmaniyya kanta an yi shekaru ana tafiya da lokaci biyu. Sultan Abdulhamid na 2, wanda ya hau a 1876, ya ƙarfafa gwamnoni su gina hasumiyoyin agogo, musamman don bikin cikarsa shekara 25 a gadon sarauta. Ta Izmir, mai mita 25, ta 1901 ce, ta Yafa ma daga wannan zamani take. Wadda aka ɗora a kan Ƙofar Yafa ta birnin Ƙudus tana da fuskokin da ke nuna lokacin Turai da na gida, kuma Ingilishi suka sauke ta a 1922 don a ganinsu ta ɓata fasalin tsohuwar ganuwa. Jamhuriyar Turkiyya ta soke tsohon lissafin da doka a ƙarshen Disambar 1925, daga farkon 1926 kowane agogon hukuma ya koma na zamani.

Ka ga bambancin ke nan. Hasumiyoyin Abdulhamid na gwamnati ne, an kafa su a dandalin gari gaban ofishin gwamna don su nuna ikon sarki, da gwamnati ta sauya sai suka sauya da ita. Ta Sarayebo ta waƙafi ce, aikinta hidimar masallaci, kuma dokar Ankara ba ta isa Bosniya ba tunda ƙasar ta riga ta fita daga hannun Turkiyya. Ta wuce mulkin Ostiriya, ta wuce masarautar Yugoslabiya, ta wuce gwamnatin gurguzu ta Tito, babu wanda ya ga ribar tilasta mata bin agogon tashar jirgi. A ganina rashin muhimmancinta a idon hukuma ya taimake ta fiye da duk wata kariya.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ƙawanyar da aka yi wa birnin daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, kusan shekara 4 ana ruwan harsasai daga kan duwatsu. Babban ɗakin karatu na ƙasa, wanda ba shi da nisa da kasuwar, ya ƙone a Agustan 1992, masallacin Gazi Husrev-beg ya sha luguden wuta. Hasumiyar ta tsaya, mai kula da ita kuma bai daina hawa ba. 'Yar'uwarta ta Banja Luka ba ta yi wannan sa'a ba, an rushe ta a 1993, shekarar da aka tarwatsa masallacin Ferhadiya da ke kusa da ita. A 2006 aka sa Sahat-kula cikin jerin kayan tarihin ƙasa na Bosniya.

Yau babu mai duba ta don ya kama mota ko ya shiga ofis. Lokacin da take komawa bakin aikinta sosai shi ne watan azumi: hannaye biyu suna matsowa kan 12, a harba igwa daga tsohuwar ganuwar da ake kira Zhuta Tabiya a saman gari, a kunna fitilun hasumiyoyin masallatai, ladan ya kira salla. Duk mai zaune a harabar masallaci yana iya ganin minti nawa ya rage masa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Za ka kuma ji ana cewa ita kaɗai ce a duniya mai irin wannan lissafi. A rage gishiri. Yawancin gidajen ibadar sufayen Kirista a Dutsen Athos na Girka har yanzu daga faɗuwar rana suke ƙirga awa, kuma agogon da Paolo Uccello ya zana fuskarsa a 1443 a cikin babban cocin Florence shi ma ana daidaita shi da faɗuwar rana da hannu. Amma na Athos na mazauna gidan ibada ne, na Florence kuma yana cikin gini, sai wanda ya shiga. Abin da Sarayebo za ta yi tinƙaho da shi da hujja shi ne hasumiya a tsakiyar kasuwar babban birnin ƙasa, fuskokinta huɗu a waje kowa na gani, tana tafiya da lissafin magariba da injin 1875.